Tun, taɓa, riga, tukuna: yadda za ka koya wa 'yan mutawassiɗa kalmomin lokaci na have da has

A wani ajin mutawassiɗa, wato makarantar da ke bin firamare, a Gadarif ta ƙasar Sudan na gane inda gizo ke saƙar, ana dab da fita fatur, hutun karin kumallo. Na tambayi yaron da ke bencin gaba, wanda kullum shi ke fara ɗaga hannu: "How long have you been here?" Ya miƙe da ƙarfin gwiwarsa ya ce: "I am here since seven o'clock, Ustaz." Ajin kaf ya gamsu. Ni kaina sai da na yi ɗan jim, don kunnena na Bahaushe bai ji aibu ba. "Ina nan tun ƙarfe bakwai" ya faɗa, kalma bi da kalma. Da da Larabcin unguwa aka tambaye shi, "ana hina min as-sa'a sab'a" zai ce, ginin duk ɗaya ne. Harsuna biyun da yaron ya tashi da su sun ba shi gaskiya, Turanci kaɗai ya ƙi, shi "I have been here since seven o'clock" yake so.

Mako biyu kafin ranar na cika musu sabbura, wato allon aji, da jadawali: ga have, ga has, ga tasrifi na uku, wato siffar aikatau irin gone da seen, ga jerin kalmomin nan da takardun bita ke kira "kalimat dalla", wato kalmomin da ke nuna lokacin jimla, a gefe. Sun kwafa, sun haddace, sun ci gwajin cike gurbi. Da aka zo buɗa baki sai komai ya zube. Laifin nawa ne. Na ba su siffar jimla, ban ba su abin da ke sa mutum ya buƙaci faɗinta ba.

Wannan lokaci da Turawa ke kira present perfect, yaranmu kuma suka fi sani da mudari'ut tam, ni a aji "shuɗaɗɗe mai rai" nake ce masa. Abu ya faru a baya ko ya faro daga baya, amma igiyarsa ba ta tsinke da yanzu ba. Hausa ba ta da lokacin aikatau da ya yi daidai da shi, gaskiya ne. Amma tana da ƙananan kalmomi huɗu da ke ɗaukar kusan duk nauyinsa: tun, taɓa, riga, tukuna. Yaro ɗan shekara 12 ko 13 yana amfani da su tun kafin ya san hanyar makaranta, ba ya kuma kuskurensu. Ta nan ya kamata a shiga. Idan ajinka gauraye ne, kamar yadda yawancin azuzuwanmu suke a Gadarif da Kassala, sai ka haɗa da takwarorinsu na Larabcin gida, zan riƙa kawo su a inda suka dace. Tsarin da ke biye yana cin hissa shida zuwa bakwai, kowace minti 40. Kayan aiki kuwa alli ne, da igiyar shanya, da maƙalai na shanya, da yankakken kwali.

Share fage da tasrifi na uku

Kada wannan ya ci maka hissa guda. Zaɓi aikatau goma sha biyu da za ku yi ta juyawa a kansu: been, gone, seen, eaten, written, ridden, done, had, known, lived, finished, bought. A farkon kowace hissa a rera su minti uku, yadda ake biya allo a halwa: go, went, gone; eat, ate, eaten; ride, rode, ridden. Ka jera masu amo ɗaya wuri ɗaya, written da ridden da eaten a gefe, bought da brought da taught a wani gefen, kunne zai riƙe su da kansa. Jerin aikatau ɗari da ke ƙarshen littafi a bar shi inda yake tukuna.

Abu ɗaya ka kula da shi tun yanzu, wato harafin v na have. Babu shi a Hausa, babu shi a Larabci, shi ya sa za ka ji "I hab" ko "I haf". Nuna musu haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, su taɓa maƙogwaro su ji yana rawa. Ya isa.

Mataki na farko: taɓa

Da ever da never nake farawa, ko da littafi ya sa since da for a gaba, saboda nan ne Hausa da Turanci suka fi fahimtar juna. Kafin ka rubuta komai, tambayi ajin da Hausa: wa ya taɓa hawan raƙumi? Wa ya taɓa ganin Bahar Maliya? Wa ya taɓa hawa dutsen Totil a Kassala? Hannuwa za su tashi, surutu zai ɓarke, ka bar su su ɗan yi. Sai ka tambaye su: da na ce "taɓa", na tambayi ranar da abin ya faru ne? Za su ce a'a. To me na tambaya? Wani zai ce, ko a rayuwarka ka yi. Shi ke nan, sun faɗi ƙa'idar da bakinsu. Ga waɗanda Larabci ya fi musu sauƙi, "gabli kida" ce: "mashet Bur Sudan gabli kida?"

Yanzu ka rubuta jimla ɗaya tak: "Have you ever ridden a camel?" A ƙasanta amsa biyu: "Yes, I have" da "No, I have never ridden a camel." Kowane yaro ya rubuta tambayoyi uku nasa a kurrasa, ya tashi ya tambayi mutum biyar, yana sa alama. Wani zai tambayi "Have you ever eaten agashe?" don ya ba mutane dariya, tunda ba wanda bai taɓa ci ba. Ka bar shi, jimlarsa daidai take.

Kuskuren da za ka fi ji shi ne "I haven't never". Asalinsa a fili yake: korewar Hausa ƙafa biyu gare ta, "ban taɓa ba", yaro na jin ƙafa ɗaya ba za ta tsaya ba. Faɗa musu never ta zo da a'arta a cikinta, ba ta son ƙari.

Minti goman ƙarshe ka ba been da gone. Aiki yaro ɗaya ofis ya karɓo alli. Yana fita ka nuna gurbinsa ka ce: "He has gone to the office." Da ya dawo ya zauna ka ce: "He has been to the office." Tambaye su bambancin da Hausa. Na farko "ya tafi", ba ya nan. Na biyu "ya je ya dawo". Ban taɓa ganin ajin Hausawa da wannan ya ba wahala ba, tunda tafi da je sun riga sun raba musu gardamar.

Mataki na biyu: riga, tukuna, yanzun nan

Idan da hali, nemi hissar da ke gab da fatur, ko ka yi musanye da wani malami. Dalili shi ne cikin yara zai taya ka koyarwa. Rubuta ayyukan safiya shida a sabbura: pray, sweep the yard, fetch water, drink tea, do my homework, have breakfast. Kowa ya sa alama a wanda ya yi da wanda bai yi ba. Sai a faɗa da Hausa: na riga na sha shayi, ban yi fatur ba tukuna. Sannan da Turanci: "I have already drunk tea. I haven't had breakfast yet." Riga ita ce already, masu Larabci su ce "khalas". Tukuna ita ce yet.

Wurin zaman kalmomin ma Hausa ta taimaka. Riga tana zuwa kafin aikin, haka already take shiga tsakanin have da aikatau. Tukuna kullum a wutsiya take, haka yet. Amsar nan ta gajarce, "Not yet", ita ce "Tukuna" da uwa ke ji idan ta tambayi yaro ko ya gama wanke-wanke, ita ce kuma "Lissa".

Akwai wuri ɗaya da tsanin ke karyewa, gara ka faɗa musu da kanka. Turanci yana sa yet a tambaya: "Have you finished yet?" Mu ba ma cewa "ka gama tukuna?" da wannan ma'anar, "ka gama kuwa?" muke cewa. Don haka a rubuta a gefen sabbura cewa yet gida biyu gare ta, korewa da tambaya, ba ta shiga jimlar tabbatarwa. Lissa kuma tana ɗaukar still da yet duka biyun, shi ya sa wasu za su rubuta "He hasn't come still." Nuna musu "har yanzu bai zo ba" ita ce "He still hasn't come", still a gaba kamar yadda "har yanzu" take a gaba, ka wuce.

Just ba ta buƙatar dogon bayani, aiki take so. Buɗe taga a gabansu ka ce "I have just opened the window." Yar da abin goge sabbura, ka nuna wani ya faɗa: "You have just dropped the duster." Yanzun nan ke nan, "hassi" a Larabcinmu. Ka raba musu ita da ɗazu, don ɗazu ta riga ta yi ɗan nisa, Turanci kuma "a short while ago" zai ce da shuɗaɗɗe na yau da kullum. Bayan an dawo daga fatur, ko da ba hissarka ba ce, leƙa ta taga ka tambaya: "Have you had breakfast yet?" Ka ji yadda za su amsa da "We have just eaten" baki ɗaya.

Mataki na uku: igiya da turke

Nan ne aikin yake. Ba shi hissa biyu cur, uku ma ba asara ba ce.

Ɗaura igiya daga taga zuwa ƙofa. Ƙarshen da ke bakin ƙofa shi ne yanzu, maƙala masa kwali mai ɗauke da now. Sauran kwalayen su ɗauki 1925, 1956, 2011, last year, Monday, seven o'clock. Kira yara su maƙala su bi da bi, na nesa can wajen taga, na kusa dab da ƙofa. Za su yi gardama a kan jerin, wannan ma karatu ne. Sai ka kama kwali ɗaya da yatsa ka ce since. Ka ware hannu biyu daga kwalin zuwa ƙofa ka ce for. Since turke ce, wurin da aka ɗaure igiya. For tsawon igiyar ce, abin da ake aunawa da kamu ko taƙi. Since tana amsa "tun yaushe?", for tana amsa "tsawon wane lokaci?"

Daga nan motsin hannu ya zama yarenku. Kai kana kiran kalma, su suna amsawa da baki da hannu: Monday, su nuna da yatsa su ce since. Three days, su ware hannu su ce for. Fara a hankali, ka riƙa ƙara sauri. Wanda bai gane ba za ka hango shi daga inda kake tsaye, ko ajin ya haura mutum hamsin, don hannunsa zai saɓa da na jama'a. Idan sun saba sai ka sako masu tarko. A week da last week: na farko awo ne, na biyu turke. Two o'clock da two hours. A long time, wadda ba lamba a cikinta amma awo ce. 2011, wadda lamba ce amma sunan shekara ce. Wannan na ƙarshen shi ke rusa ƙa'idar da wasu malamai ke bayarwa cewa duk inda ka ga lamba ka sa for. Kada ka ba da ita.

Me ya sa "since three years" ta ƙi mutuwa a kurrasoshin yaranmu? Saboda ƙamus. Yaro ya duba since ya ga "munzu", ya duba for ta lokaci ya sake ganin "munzu", don Larabcin littafi yana cewa munzu 2011, yana kuma cewa munzu salasi sanawat. Hausa ma takan ce "tun shekara uku da suka wuce". Maganin shi ne ka ba for tata jimlar Hausa daban, wadda ba tun a ciki: "shekarata uku a garin nan", "kwanana biyar ban gan shi ba". Larabcin gida ma yana da irinta: "ley talata sinin hina". Duk abin da za ka iya faɗa da "shekarata kaza" ko "kwanana kaza", for ce. A rubuta wannan a bangon aji ya zauna.

A hissa ta biyu sai a koma kan kwalayen tarihi, a yi ɗan lissafi. Sudan ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1956: "Sudan has been independent since 1956." Su ɗebe 1956 daga shekarar da ake ciki su mai da jimlar ta for. An kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925: "The Sennar Dam has been there since 1925", ko kuma "for about a hundred years". Sudan ta Kudu ta zama ƙasa a Yulin 2011: "South Sudan has been a country since 2011." Kowace jimla a faɗe ta ta hanya biyu, turke da awo, har yaro ya ga abu ɗaya ake faɗa.

Ni nakan ƙara kwali ɗaya da ba ya cikin manhaja, na 1903. Shekarar yaƙin Burmi ke nan, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a hannun sojojin Ingila, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jan jama'a zuwa gabas, har bayan 'yan shekaru suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Sai in rubuta: "Our people have lived in Mai Wurno for more than a hundred years." In tambaye su: har yanzu suna can? Su ce suna can. To shi ya sa muka ce have lived. Na lura jimlar nan ba ta ɓacewa daga kan yara, har waɗanda kakanninsu ta wata hanyar suka zo, ko a kan hanyar aikin hajji ko neman noma a Jazira.

Sai a dawo kan yaron nan na bencin gaba. Rubuta jimloli huɗu na Hausa: ina nan tun safe, ina da jakar nan tun bara, na san ta tun muna yara, muna zaune a nan tun kafin a haife ni. Uku daga ciki da "ina" ko "muna" suka fara, wato lokaci mai ci, shi ya sa hannu ke zarcewa zuwa am da are. Ƙa'idar da nake ba su gajera ce: idan tun ta shigo, kuma abin bai ƙare ba, am da is da are su tashi su ba have been da has been wuri. "I have had this bag since last year" za ta ba su mamaki saboda have biyu a jere. Nuna musu ta farko 'yar rakiya ce, ta biyu ita ce mallaka. A jimla ta uku kuma su lura abin da ke bin since yana iya zama jimla guda a shuɗaɗɗe: "I have known her since we were children." Siffar nan ta have been da -ing a ajiye ta sai wani zangon. Aikatau biyar sun ishe ku yanzu: be, have, know, live, work.

Akwai abin da ya wajaba in faɗa a nan, don na yi tuntuɓe da shi. Tambayar da kowane littafi ke bayarwa don gwada since da for ita ce "How long have you lived here?" Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, wannan ta daina zama tambaya mai sauƙi. A benci ɗaya za ka sami wanda aka haifa a unguwar da wanda ya zo daga Khartoum ko Madani ko Sinja da kayan jikinsa kawai. Wata rana ina bin layi ina tambaya ɗaya bayan ɗaya, na iso kan wata yarinya mai shiru-shiru. Ta ba ni amsa daidai, ba kuskure ko ɗaya, sannan ta ƙara da wadda ban tambaya ba: "I have not seen my father since December." Ta sunkuyar da kai. Na ce mata, "Sannu 'yata, Allah ya sada ku da alheri," ajin ya amsa da amin, amma na san ni na kai ta wurin. Tun daga ranar na daina bin layi da tambayar. Kwalaye nake rabawa masu ɗauke da rayuwar aro: manomin riɗi, shekara 20 a gona, direban raksha, tun 2019, mai sayar da shayi a bakin kasuwa, wata shida. Kowa ya amsa da bakin mutumin da ke kwalinsa. Wanda ya so ya faɗi tasa rayuwar, ƙofa a buɗe take, amma ba a tilasta wa kowa. Ka kuma tuna da yawansu sun yi fiye da shekara ba su zauna a aji ba, don haka idan ka ga ɗan aji biyu yana laluben went da saw, koma baya ka ɗauko shi ba tare da ka kunyata shi ba.

Mataki na huɗu: bana da bara

Yanzu sun iya sa have, sai su fara sa ta ko'ina: "I have seen him yesterday." Wannan ma daga gida ya taso. "Na gan shi jiya" da "na riga na gan shi" duk "na" ɗaya ce a Hausa, ba abin da ya canza a jikin aikatau.

Raba sabbura biyu. Kira kalmomin da Hausa, su faɗi ɓangaren da kowace za ta: yau, jiya, shekaranjiya, makon nan, makon jiya, bana, bara. Tambaya ɗaya ce: lokacin ya ƙare ko muna cikinsa? Bana muna cikinta, ƙofarta a buɗe take, wani abu na iya ƙaruwa. Bara ta rufe. Ɗan manomi ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Sai a sa Turancinsu: today, this week, this year, so far a ɓangaren buɗaɗɗiyar ƙofa, yesterday, last week, last year, two days ago, in 2011 a ɓangaren rufaffiya. Buɗaɗɗiya tana karɓar have, rufaffiya ba ta karɓa.

Misalai daga gona suka fi zama, musamman da damina: "It has rained three times this week. It rained twice last week." Ko: "We have planted sesame this year. We planted sorghum last year." So far ita ce "zuwa yanzu": "We have finished four units so far." Ago kuwa ka tsaya a kanta kaɗan, don tana kama da for a idon yaro, duka biyun suna tafiya da three years. Koma kan igiya. For tana shafa igiyar tun daga turke har ƙofa. Ago tsalle take yi daga ƙofa ta dira a wuri ɗaya can baya ta tsaya.

This morning agogo ke yanke mata hukunci. Da ƙarfe tara na safe, "I have written two pages this morning." Bayan la'asar safiya ta rufe, sai "I wrote two pages this morning." Yara na son wannan, don suna ganin ƙa'idar tana motsi.

Rufe matakin da wasan taɓa na ranar farko, amma a ƙara masa ƙafa. "Have you ever been to Kassala?" "Yes, I have." "When did you go?" "I went last year." Tambayar farko tana buɗe zance da have, da zarar an ce yaushe sai a sauka kan shuɗaɗɗe. When ba ta tambaya da have. Su yi ta bibbiyu har ta zauna a baki.

Mataki na biyar: ka warware musu jerin da suka haddace

Rubuta jimla biyu: "My grandfather has lived in Mai Wurno for sixty years" da "My grandfather lived in Mai Wurno for sixty years." Tambaye su wacce ce kuskure. Kusan duka za su nuna ta biyu, tunda an ce musu for alamar mudari'ut tam ce. Ka ce duka daidai ne, su nemo bambancin. Ba su lokaci, kada ka yi saurin ceto su. Daga ƙarshe wani zai ce a hankali: a ta biyun kakan ya rasu, ko ya bar garin. Wannan shi ne darasin gaba ɗaya a jimla biyu. Kalmar lokaci tana nuna hanya, amma tambayar da ke yanke hukunci ita ce ko igiyar tana haɗe da yanzu.

A nan kuma wani mai kallon bidiyo a waya zai ce ya ji ana cewa "I just ate" da "Did you eat yet?" Kada ka ce masa ƙarya ya ji. Haka mutanen Amurka ke yawan faɗa, kuma daidai ne a wurinsu. Faɗa masa a takardar jarrabawa ya bi salon Ingila, ya sa have tare da just da already da yet. Recently da lately, wato "kwanan nan", a ba su misali ɗaya-ɗaya a wuce.

Gyara da gwaji

Idan yaro na magana kada ka katse shi da dogon bayani. Hannu ya isa: yatsa don since, ware hannu don for, nuna bayan kafaɗa idan ya haɗa have da yesterday. Yawanci da kansa zai gyara. A kurrasa kuma ja layi a ƙarƙashin wurin ka rubuta kalmar Hausa ɗaya a gefe, "tun?" ko "ya ƙare?", ka mayar masa ya nemo.

Gwajin cike gurbi yana da amfaninsa, tunda shi za su tarar a jarrabawa, amma kada ya wuce rabin makin. Sauran rabin ka ba su jimlolin Hausa ko na Larabcin gida su juya: shekarata biyu a makarantar nan, ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba, ba a kawo wuta ba tukuna, mun je Kassala bara, ina jiran ka tun azahar. Ta ƙarshen da "I have waited for you since noon" ma ka karɓa. A irin waɗannan ne za ka ga ko am ta tashi da gaske.

Aikin gida na ƙarshe shi ne hira da babba. Kowa ya sami kaka ko kawu ko wata dattijuwa a unguwa, ya gaishe ta yadda ya kamata, ya yi mata tambaya biyar da Hausa: tun yaushe kike garin nan, Iya? Shekararki nawa kina wannan sana'ar? Kin taɓa zuwa Makka? Yaushe kika je? Akwai abin da kike so ki yi da ba ki yi ba tukuna? Ya dawo da amsoshin cikin jimloli biyar na Turanci, ɗaya da since, ɗaya da for, ɗaya da ever ko never, ɗaya da yet, ɗaya kuma a shuɗaɗɗe mai ɗauke da shekara. Wanda ba shi da babba a kusa ya yi hirar da kai ko da wani malami a lokacin fatur. Washegari kowa ya karanta biyu daga ciki a tsaye, sauran ajin suna nuna turke ko awo da hannu, kai kuma kana daga baya da jan biro kana rubuta sunayen waɗanda za ka sake zama da su a kan igiya ranar Lahadi.